Yadda za ka ci moriyar shirye-shiryen laburaren jama'a, daga jariri har dattijo

Mutane da yawa sun ɗauka aikin ɗakin karatu na jama'a bai wuce ajiye littattafai da hana surutu ba. A laburaren da ke aiki yadda ya kamata kuwa, a rana ɗaya za ka iske uwa tana rera wa jaririnta waƙa a sashen yara, ɗalibi yana fama da lissafi wani na nuna masa, magidanci yana gyara takardar neman aiki, wata tsohuwa kuma tana koyon yadda za ta kira jikarta ta bidiyo. Yawancin waɗannan abubuwa kyauta ne. Kundin manufofin laburaren jama'a da hukumar UNESCO ta fara fitarwa a 1949, aka sabunta shi a 1972 da 1994 da kuma 2022, ya ce a bisa ƙa'ida hidimar laburare kyauta ce, kuma ta kowa ce, ba a duba shekarun mutum ko jinsinsa ko addininsa ko harshensa ko matsayinsa.

Abin da ke hana mutane amfana abu biyu ne a ganina. Wasu ba su taɓa tambaya ba, wasu kuma sun je sau ɗaya ba su koma ba. Matakan da ke ƙasa an tsara su ne don a magance duka biyun.

Mataki na farko: ka yi rajista

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka tafi da katin shaida, da wata takarda mai nuna adireshinka idan kana da ita. Yaro yakan buƙaci sa hannun uwa ko uba ko mai riƙonsa. Ka yi wa kowane yaro katinsa na kansa idan an yarda, domin yaron da ya riƙe kati mai sunansa ya fi kula da littafin da ya ara.

Kafin ka bar teburin rajista ka tambayi littafi nawa ake ara a lokaci guda, kwana nawa ake riƙewa, ko katin yana aiki a sauran rassa, da abin da ke faruwa idan an makara wajen mayarwa. Tambayar ƙarshen nan tana da muhimmanci, saboda tsoron tara ya kori iyalai da yawa daga laburare. Wasu manyan ɗakunan karatu sun gane haka sun soke ta, kamar na birnin Shikago a 2019 da na New York a 2021. Idan kana da tsohon littafi da ya shekara a gidanka kana jin kunyar mayarwa, ka kai shi kawai. Ma'aikatan sun fi son littafin da mai karatun su dawo a kan su hukunta wani.

Shirye-shirye da yawa ma ba sa buƙatar kati. Ana buƙatarsa ne wajen aro, wani lokaci da wajen amfani da kwamfuta.

Mataki na biyu: ka nemo jadawali, sannan ka yi magana da mutum

Jadawalin shirye-shirye yakan kasance a allon sanarwa kusa da ƙofa, ko a takardar da ake bugawa wata-wata, ko a shafin laburaren na intanet. Ka ɗauki hoton allon da wayarka. Idan ka zauna dubawa, abu biyar za ka lura da su a kowane shiri: shekarun da aka yi shi dominsu, ko sai an rubuta suna tun kafin ranar, ko zama ɗaya ne ko jerin makonni, abin da ake so ka zo da shi, da harshen da ake gabatarwa da shi. Shirin da ke da kayan aiki, kamar ajin kwamfuta ko ɗinki, yawan kujerunsa daidai da yawan injinansa ne, don haka shi ke fara cika. Idan ka iske ya cika ka sa sunanka a jerin masu jira, domin ba a rasa wanda zai fasa.

Sai dai jadawali ba ya faɗin komai. Matambayi ba ya ɓata, kuma a laburare akwai wanda aikinsa ke nan, a tambaye shi. Dabarar ita ce ka faɗa masa buƙatarka maimakon sunan shirin da kake zaton akwai. Idan ka ce, "Malam, kuna da ajin kwamfuta?" zai iya ce maka sai wata mai zuwa, magana ta ƙare. Idan kuwa ka ce, "Malam, ina so in cike takardar neman aiki ta intanet, kuma jibi za a rufe," zai iya zaunar da kai a gaban kwamfuta nan take, ko ya ba ka lokaci gobe da safe. Masanin laburare ɗan ƙasar Indiya, S. R. Ranganathan, ya shimfiɗa ƙa'idoji biyar na wannan aiki a 1931, kuma ta huɗunsu ita ce kada a ɓata wa mai karatu lokaci. Ma'aikacin kirki da wannan yake aiki, amma ba zai iya ba sai ya san ainihin abin da ya kawo ka.

Mataki na uku: ka zaɓa wa kowa abin da ya dace da shekarunsa

*Jarirai da yaran da ba su shiga makaranta ba*

Iyaye sukan yi mamaki idan aka ce su kawo jariri ɗan wata shida laburare. Me zai karanta? Ba zai karanta komai ba. Zai ji sauti, ya ga fuska, ya taɓa littafi mai kaurin shafi, ya sa shi a baki ma, kuma daga nan ake farawa. A Ingila shirin Bookstart, wanda ke ba jarirai littattafai kyauta, ya fara ne a birnin Birmingham a 1992 da jarirai 300, daga baya ya game ƙasar, wasu ƙasashe kuma suka kwaikwaya. A Amurka ƙungiyoyin ma'aikatan laburare sun taƙaita abin da ke shirya yaro ga karatu a ayyuka biyar: hira da shi, waƙa, karanta masa, zane da rubutu, da wasa. Lokacin labari na yara a kan waɗannan ake gina shi. Yakan ɗauki minti ashirin zuwa talatin, a yi waƙar buɗewa, a karanta gajeren littafi ɗaya ko biyu, a yi tafi da motsa jiki, a rufe.

Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba shi ne, babban ɗalibin wannan zama shi ne babban da ya kawo yaron. Rabin awa a mako ba zai koya wa yaro harshe ba. Abin da ake so shi ne ke uwa ki ga yadda ake yi, ki koma gida ki maimaita kullum. Don haka ki ajiye waya, ki zauna a ƙasa da shi a cinyarki, ki lura da mai karatun: yadda take juya littafin ya fuskanci yara, yadda take dakatawa kafin ta buɗe shafi ta ce, "Me kuke gani zai faru?", yadda take nuna hoto ta jira yaro ya faɗi sunan abin, ta kuma ƙara masa kalma ɗaya a kan wadda ya faɗa. Yaro ya ce "kare", ita ta ce, "E, baƙin kare ne, yana gudu." Wannan ƙarin shi ne darasin. Iyaye maza ma su riƙa zuwa, ba a keɓe wa mata wannan zama ba.

Idan yaron ya yi kuka ko ya tashi yana yawo, ba abin kunya ba ne, an saba. Ki fita da shi ya huce, ki dawo. Idan kuma ya nace sai an sake karanta masa littafi ɗaya sau goma a gida, ki yi haƙuri ki karanta, maimaicin nan ne ke zaunar masa da kalmomin. Ki yi masa da harshen da kuka fi sakewa da shi a gida, ko da littafin da wani harshe aka rubuta shi. Hotunan sun isa ki gina labari.

*'Yan firamare*

A nan shirin da ya fi shahara shi ne gasar karatu ta dogon hutu. Malamai sun daɗe da lura cewa yaron da ya yi makonni bai buɗe littafi ba yakan dawo makaranta da karatunsa ya ja baya. Gasar da ake yi a Birtaniya tun 1999 an san ta da neman yaro ya karanta littattafai shida a lokacin hutun bazara, ana ba shi 'yan kyaututtuka a hanya, a ƙarshe a ba shi takardar shaida. Laburare da yawa a duniya suna da irin nasu.

Ka bar yaron ya zaɓi littafinsa. Idan ya ɗauko littafin barkwanci mai hotuna ko na ƙwallon ƙafa, karatu ne. Uban da ya ƙwace ya musanya masa da wani "mai amfani" yakan tashi ba wannan ba wancan. Aikinka shi ne ka taimaka masa ya gane ko littafin ya fi ƙarfinsa. Malamai suna da wata dabara mai sauƙi: ya buɗe shafi ɗaya a tsakiya ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa. Idan yatsu biyar suka tashi kafin shafin ya ƙare, littafin na karantawa tare da babba ne. Biyu ko uku daidai ne.

Akwai kuma zaman taimako da aikin gida, da zaman zane da ƙere-ƙere, da ƙananan gwaje-gwajen kimiyya. Game da aikin gida, ka fahimtar da yaro cewa mai taimakon ba zai yi masa aikin ba, hanya zai nuna masa, don haka ya zo da littafin darasin da ainihin tambayar da ta tsaya masa. Kai kuma ka sani laburare ba gidan reno ba ne. Yawancinsu suna da doka kan shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai, kuma wuri ne da kowa ke shiga. Ka tambayi dokar, ka kiyaye ta.

*Matasa*

Waɗannan su ne masu wuyar sha'ani, kuma duk ma'aikacin laburare ya san haka. Matashin da aka ja shi dole zai zauna a kujerar baya yana latsa waya har a tashi. Abin da ke kawo su shi ne abokai, da wurin zama nasu, da kuma a ba su wani abu su riƙe. Shi ya sa wasu ɗakunan karatu ke kafa kwamitin matasa da ke zaɓar littattafan sashensu da tsara shirye-shiryensu. Idan akwai irin wannan, ya fi kowane aji amfani, domin a nan yaro zai koyi jagorantar taro, da rubuta sanarwa, da jure rashin zuwan mutane.

Ka duba ko akwai kulob ɗin muhawara, ko na rubutun waƙa da gajeren labari, ko ajin rubuta manhajar kwamfuta, ko zaman shirin jarrabawa. Wasu wuraren suna da ɗakin ƙere-ƙere. Laburaren Fayetteville da ke jihar New York na cikin na farko da suka buɗe irinsa a 2011, kuma babban laburaren Oodi da aka buɗe a Helsinki ta ƙasar Finlan a Disambar 2018 yana da kekunan ɗinki, da firinta mai fitar da abu da siffarsa, da ɗakunan naɗar sauti, duk a hannun jama'a. Ba kowane laburare ke da wannan ƙarfi ba, amma kwamfuta huɗu da malami ɗaya mai haƙuri sun isa a koyi abu mai yawa.

Shiri guda da nake ganin bai kamata matashi ya rasa ba shi ne na tantance labari: yadda za a gano wanda ya wallafa abu, yaushe, da wace hujja, da yadda za a bi sawun hoto a ga inda ya fara fitowa. Ma'aikatan laburare an horar da su a kan wannan tun kafin a san kafofin sada zumunta.

Aikin sa kai ma ƙofa ce. Matashin da ya yi hutu yana jera littattafai ko yana karanta wa ƙanana labari zai iya neman takardar shaida daga laburaren, kuma za ta yi masa amfani ranar neman makaranta ko aiki.

*Manya*

Abin da ya fi kawo manya shi ne neman aiki da koyon kwamfuta. Idan za ka je zaman gyaran takardar neman aiki, ka tafi da tarihin karatunka da ayyukan da ka yi, da shekarunsu a rubuce, da kuma sanarwar aikin da kake nema, domin kowace takarda ana daidaita ta ne da aikin. Ka tabbata kana da adireshin imel kuma kana tuna kalmar sirrinsa. Rabin lokacin irin wannan zama a neman kalmar sirri da aka manta yake tafiya. Kuma duk lokacin da ka yi amfani da kwamfutar jama'a, kada ka yarda ta adana maka kalmar sirri, ka fita daga asusunka kafin ka tashi, ka goge takardun da ka sauke.

Akwai ajin yaƙi da jahilci ga wanda bai samu karatu da ƙuruciya ba. Mai buƙatar wannan aji ba zai karanta sanarwarsa ba, don haka kai da ka karanta kai ne za ka kai masa labari, a keɓe, ba a gaban mutane ba. Wurare da yawa suna haɗa mai koyo da malami ɗaya su biyu kawai, saboda sun san kunya ce babbar matsalar. Akwai kuma zaman hira don koyon harshe, inda ba jarrabawa ba maki, da bitar masu ƙananan sana'o'i kan riƙe lissafi da tsara kasuwanci. Idan an gayyato likita ko lauya ya yi jawabi, ka saurara ka yi tambaya, amma ka tuna bayani ne na gaba ɗaya. Matsalarka ta kanka sai ka je wurinsu an duba ta.

Kulob ɗin karatu kuwa yakan haɗu sau ɗaya a wata. Ana zaɓar littafi, kowa ya karanta, a zo a tattauna. Ka je ko ba ka gama littafin ba, muddin ba za ka ji haushi ba idan aka faɗi ƙarshensa. A 1998 laburaren birnin Seattle ya gwada sa gari guda ya karanta littafi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma birane da yawa sun ɗauki tsarin.

*Dattawa*

Gemu ba ya hana ilimi, amma ajin da ke gudu yana hanawa. Ga dattijon da ke son koyon waya, zaman mutum biyu ya fi aji mai mutum ashirin. Ka tambaya ko ana ba da irin wannan lokaci. Ranar zuwa a tafi da wayarsa ta kansa a cike da caji, da tabarau, da ɗan littafin rubutu. A zaɓi abu ɗaya kawai, misali kiran bidiyo, a yi shi sau uku da hannunsa, a rubuta matakan da manyan baƙaƙe. Idan kai ne ka rako shi, ka riƙe hannunka. Da zarar ka karɓi wayar ka ce, "Baba, kawo in yi maka," darasin ya ƙare. A roƙi mai koyarwa ya taɓo maganar 'yan damfara, musamman masu kira su nemi lambar sirri.

Wanda idonsa ya raunana akwai littattafai masu manyan haruffa da na saurare. Wasu laburaren suna da shirin naɗar tarihin baka, inda ake zama da dattawa a ɗauki abin da suka gani da idonsu a adana. A nan su ne malamai, kuma na fi son wannan shiri a kan duk wanda ke ɗaukar tsoho a matsayin wanda za a lallaɓa kawai. Ga wanda ya yi ritaya ko ya rasa abokin zama, fita sau ɗaya a mako zuwa wurin da aka san sunansa ba ƙaramin abu ba ne, ko me ake koyarwa.

Akwai shirye-shiryen da ke haɗa kowa da kowa. Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, da ranar yaƙi da jahilci, 8 ga Satumba, lokuta ne da ake yawan shirya taro. Wasu laburaren suna karɓar baƙuncin zaman gyaran kaya, tsarin da ya fara a Amsterdam a 2009, inda masu sana'a ke taya mutane gyara rediyo ko tufa maimakon a jefar. Wasu kuma suna yin abin da aka fara a Denmak a 2000, inda ake "aron" mutum maimakon littafi, a zauna da shi rabin awa ya ba da labarin rayuwarsa a yi masa tambayoyi.

Mataki na huɗu: ranar farko

Ka isa da minti goma kafin lokaci, ka gaya wa mai gabatarwa cewa yau ka fara zuwa. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto, musamman inda akwai 'ya'yan mutane. Idan ka rubuta suna kuma wani uzuri ya taso, ka sanar, domin akwai mai jiran kujerar. Idan an raba takardar jin ra'ayi a ƙarshe ka cike ta da gaskiya. Da yawan mahalarta da irin waɗannan takardu ne laburare ke kare kasafin shiri a gaban masu ba da kuɗi, kuma shirin da ba a ga shaidar amfaninsa ba shi ake fara yankewa.

Mataki na biyar: ka mayar da shi al'ada

Kada ka yanke wa shiri hukunci da zuwa ɗaya. Ka ba shi uku. A zuwan farko yaro yana maƙale da kai, a na biyu yana kallo, a na uku ne yake fara tafi. Babba ma haka yake, sai dai ya fi iya ɓoyewa.

Shiri ɗaya ga kowane mutum ya isa a farko. Iyalin da suka rubuta suna a abu bakwai cikin zumuɗi sukan daina duka kafin wata ya ƙare. Ka nemi ranar da shirye-shirye biyu suka haɗu, yaro yana sashen labari kakarsa tana koyon waya, tafiya ɗaya ta biya buƙata biyu. Kuma kada a fito hannu wofi. Duk abin da aka koya a zaman, a ari littafi a kansa. Idan laburaren yana bin tsarin Dewey, wanda aka fara bugawa a 1876, littattafan ilimi sun kasu gida goma ne bisa lamba: addini a 200, harshe a 400, kimiyya a 500, fasaha da sana'o'i da lafiya a 600, zane da kiɗa da wasanni a 700, adabi a 800, tarihi da labarin ƙasa a 900. Yaron da ya ga gwajin maganaɗisu yau, ka kai shi kantar 500 ya ɗauko da hannunsa. A gida a ware wuri ɗaya da ake ajiye littattafan aro, a rubuta ranar mayarwa a inda kowa zai gani.

Mataki na shida: idan zuwan ne ke da wuya

Ka tambayi ko akwai laburaren tafi-da-gidanka ko hidimar kai littafi gida ga marasa lafiya da tsofaffi. Mota ce aka fi amfani da ita, amma a arewa maso gabashin Kenya an yi shekaru ana kai littattafai a kan raƙuma, a Kolombiya kuma wani malami ya shahara da kai su a kan jakuna. Wasu laburaren suna ba da aron littafi ta waya da lambar katinka, wasu suna watsa shirye-shiryensu ta intanet.

Mai buƙata ta musamman ya sanar tun da wuri: hanyar keken guragu, mai fassara da maganar hannu, rubutun makafi, ko zaman da aka rage haske da ƙara saboda yaran da hayaniya ke damu. Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013 ta sauƙaƙa wa ƙasashen da suka amince da ita mayar da littattafai zuwa sigar da makafi za su iya amfani da ita, da musayarsu tsakanin ƙasashe. Mai fassara ba a samunsa a rana ɗaya, don haka mako biyu kafin taron ya fi.

Mataki na bakwai: idan abin da kake so babu shi, ka kawo shi

Shirye-shirye da yawa ba ma'aikata ne suka ƙirƙiro su ba. Wani ne ya shigo ya ce ya iya abu kaza kuma zai koyar. Laburare yana da ɗaki da kujeru da amincewar jama'a, abin da yake ƙaranci shi ne hannu. Idan ka iya ɗinki, ko lissafin kasuwanci, ko gyaran waya, ko kuma ba da labari kawai, kana da abin bayarwa.

Ka rubuta shawararka a shafi ɗaya. Ka faɗi sunan shirin, waɗanda aka yi dominsu da shekarunsu, mutum nawa, zama nawa, tsawon kowane zama, kayan da ake buƙata da wanda zai kawo su, da dalilin da ya sa kake ganin ana so. Dalilin nan shi ne zuciyar takardar. "Mutane za su so" ba hujja ba ce. Sunayen mutum takwas da suka ce za su zo hujja ce. Ka nemi gwaji na zama huɗu maimakon shiri na dindindin, domin shugaban laburare ya fi saurin amincewa da abin da ke da ranar ƙarewa.

Ka shirya jin sharuɗɗa. Yawanci ba a yarda a sayar da kaya ko a yi tallan kasuwanci ko kamfen ɗin siyasa ba, kuma dole ƙofa ta kasance a buɗe ga kowa. Idan da yara za ka yi aiki, za a iya bincikar tarihinka, a kuma hana ka kaɗaita da yaro. Kada ka ɗauki wannan a matsayin zargi, kowa ake yi wa.

Wajen zaɓar lokaci ka yi tunanin mutanen da kake nema. Masu jarirai da safe, 'yan makaranta bayan an tashi, ma'aikata da yamma ko ƙarshen mako. Sanarwa ta ƙunshi abin da za a yi, rana, lokaci, wuri, da cewa kyauta ne, da baƙaƙen da za a iya karantawa daga nesa. Ka kai ta inda mutanen suke, makarantu da asibitoci da wuraren taruwa, domin allon laburare waɗanda suka riga suka shigo kaɗai ke ganinsa.

A zaman farko ka sa kowa ya yi wani abu da hannunsa cikin minti goma sha biyar na farko, kada ka cika su da jawabi. Ka tashi a kan lokaci ko da hira ta yi daɗi. Idan mutum uku suka zo, ka koyar da ukun kamar ɗakin a cike yake, ka roƙi kowannensu ya zo da mutum ɗaya mako mai zuwa. Ka riƙa rubuta yawan mahalarta a kowane zama da abin da suka ce, sannan bayan zama na huɗu ka kai wa shugaban laburaren wannan lissafi, tare da ranakun da kake so a ba ka ɗakin a zango na gaba da sunan wanda zai riƙe ajin ranar da ba ka nan.